Shawul ɗin suna mai huji-huji: zan gama kafin Disamba, kuma ya isa barka shi kaɗai?

Maman_Hafsat_Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanku da warhaka. Shawara nika nema wurin waɗanda sunka daɗe da kibiyar saƙa a hannu. Matar ƙanena na da ciki, na fari ne, a matanite an ce sai wajen tsakiyar Disamba in Allah ya kai mu. Ni ce babbar gwaggo, kuma ina son ranar suna a fito da jaririn cikin abin da na saƙa da hannuna. Hula da safa da ƴar riga na saba yi, amma wanga karon shawul nika so, babba, fari, irin mai huji-hujin nan na leshi. Ban taɓa yin irinshi ba, ga shi muna farkon Oktoba. Wane zare ya dace, kuma lokacin zai isa? Abin da ya fi damuna ma shi ne, in na kai shi shi kaɗai, ba turmi ba kuɗi, dangin mai jego za su ga na yi abin kirki ko za a ce gwaggo ta yi rowa?

Hadiza_Bukoki:
Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya. Zai isa in kin fara cikin satin nan, amma kada ki ɗauko zane mai wuya don kin gan shi a waya ya burge ki.

Tanti_Rabi:
Ɗiyata, fara da maganar zare, don shi ke gyara aiki, shi ke ɓata shi. Abin da ake tallarsa a kasuwa da sunan ulu, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, dangin roba. In takardar jikin ƙullin ta ɓace, ki yanki ɗan guntu ki sa masa ashana. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Na gashin tunkiya zai yi ƙaurin babbaka, ya bar toka mai murmushewa. Auduga kuwa ci za ta yi da wuta tana warin takarda.

Abin da ya sa nake jaddada wannan: saƙa mai huji in ta sauko daga kibiya a cukurkuɗe take, ba ki ganin adon. Sai an jiƙa ta, an miƙe ta, an kafe ta ta bushe, sannan hujin ke buɗewa. Gashin tunkiya yana riƙe wannan miƙewar. Na roba da kin cire fil sai ya koma yadda yake, sai dai a yi masa tururi. Auduga tana buɗewa sosai, amma ba ta da talewa, tana gajiyar da yatsu, kuma babban shawul na auduga yana da nauyi.

Ki duba tsawon da aka rubuta. Mai mita 400 a giram 100 shi ne daidai da mai farawa, da kibiya lamba 3,5 ko 4. Akwai siriri mai mita 800 a giram 100, shi ne na leshi na ainihi, amma bar shi sai wani karon. Kibiyar ta zama mai igiya a tsakiya, mai tsawon santimita 80 ko 100, don idanun saƙa, wato madaukan zaren da ke kan kibiya, sama da ɗari biyu ba za su zauna a miƙaƙƙiya ba. Ki sayi giram 400 a tashi ɗaya, masu lambar rini iri ɗaya. Fari ma fari-fari ne, wani ya fi wani haske, kuma ba ki gane haka sai an fito rana.

Maman_Hafsat_Tawa:
Tanti na gode, Allah ya saka. Nan Tawa na roba nika gani da yawa. Ranar Lahadi zan zagaya kasuwa in duba ko da na auduga siriri.

Zali_Wadata:
Ulu a Tawa? Ku ji tsoron Allah. Jaririn zai dahu.

Hadiza_Bukoki:
Zali, Disamba aka ce, ba Afirilu ba. Kin manta sanyin asubar hunturu a Adar? Kuma da sassafe ake fatihar suna, lokacin da maza ke zaune bisa tabarma kowa ya naɗe da rawani.

Zali_Wadata:
Sanyin wata nawa ne? Kafin ƙarshen Fabrairu an fara neman inuwa. A yi aikin wata biyu a yi amfani da shi wata biyu, sai adaka. Ni auduga zan ce, ko da zafi ana iya yafa wa yaro in za a fita.

Hajiya_ta_Bilbis:
Ku kuna ta zare, ni tambayarta ta ƙarshe ta tsaya mini. Maman Hafsat, gaskiya zan faɗa miki don kada a faɗa bayan idonki. Biki bashi ne. Ranar suna akwai wadda ke zaune da littafi ko da kai tana riƙe abin da kowa ya kawo: wance turmi, wance jikka biyar, wance sabulu da omo. Ran da naki ya tashi da wannan lissafin za a maido miki, a ƙara bisa. To shawul ɗin hannu a wane layi za a rubuta shi? Tsofaffin gidan za su juya shi su ce "kai, ya yi kyau", su ajiye, su jira sauran. Kuma ke ba maƙwabciya ba ce, gwaggo ce, ga shi ɗan fari. Ki saƙa abinki, amma ki ɗora shi bisa turmi. Shi ne ado, turmin ne barka.

Nafi_227:
Hajiya da girmanki, amma wannan lissafin ne ya sa sana'ar hannu ba ta da daraja wurinmu. Turmi a shiga kanti a fito, minti goma. Wannan kuwa baiwar Allah za ta yi wata biyu tana ƙirga ido. Wanne ya fi tsada?

Hajiya_ta_Bilbis:
Nafi, ban ce turmi ya fi ba. Na ce ga yadda za a karɓe shi. Abin da ya kamata daban, abin da ke akwai daban. Ke kina Yamai, ita za ta zauna cikin dangin nan har ƙarshen rayuwa.

Ummu_Salma:
Ni wani abu ne ya ɗaure mini kai. A gidanmu ba a tanadin kayan jariri kafin ya zo, balle na ɗan fari. Kakata in ta ga ana ɗinka ƴar riga da ciki sai ta ce a bari a ga abin da Allah zai yi tukun. Ba za a ga kamar kin yi gaggawa ba?

Malam_Sani_Garkawa:
Gafara dai mata, na shigo zaurenku. Ummu Salma, ba a hana tanadi ba a addini, wancan al'ada ce da kunya, da kuma tausayin uwa in abin bai zo da rai ba. Sai dai a yi shi ba tare da shela ba, a ce in sha Allah. Abin da shari'a ta tanada a ranar bakwai shi ne yanka, da aske kan jariri, da sadaka da kwatankwacin nauyin gashin na zinariya ko azurfa, da raɗa suna. A mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ce ga namiji ko mace, haka yake cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. Shawul da turmi duk kyautatawa ce, babu wanda ke wajibi. Wani abin da zai amfani Maman Hafsat: in an haihu bayan alfijir ba a ƙirga ranar, shi ya sa suna ke faɗowa ranar da aka haihu ta sati mai zuwa. Ke nan ko an haihu ba ta gama ba, tana da sauran sati guda.

Hadiza_Bukoki:
Malam, satin nan gwaggo ba ta da lokacin zama. Ita ce dakan kunu, ita ce tarbar masu barka, ita ce rabon goro. Kada ta dogara da shi ko kaɗan.

Maman_Hafsat_Tawa:
Ummu Salma, na yi wanga tunanin. Ba wanda ya sani gida sai mai gidana. Ita kanta mai cikin kunya ba ta barin ta yi zancen, ni ma ba ni tayar mata.

Mushe_Lissafi:
Tunda Malam ya buɗe ƙofa bari ni ma in shigo. Madam ɗina na saƙa, ni aikina riƙe zare da ƙirga. A ce faɗin shawul idanu 226 ne, tsawonsa layi 320. Idanu 72.320 ke nan. Mai saƙa idanu 20 a minti, tare da tsayawa duba zane, za ta ci wajen awa 60. Daga yau zuwa tsakiyar Disamba kwana 70 ne da ɗan kai. Awa guda kowace rana ta isa, in ba a yi fashi ba. Amma ɗan fari ba ya duba kalanda, yana iya riga ranar da aka faɗa da sati biyu. Ni a ce awa ɗaya da rabi.

Zali_Wadata:
Mushe ka sa lissafin ɗaukewar wuta a ciki?

Mushe_Lissafi:
Wannan ya fi ƙarfin alli.

Tanti_Rabi:
Lissafin Mushe ya yi, kuma 226 ɗin da ya kawo ba a banza ba, na san zanen da madam ɗinsa ke yi. Shi ne ma zan ba ki, mai fita kamar igiyar ruwa. Ana maimaita idanu 18 ne, layi huɗu kacal. Layi na ɗaya duka saƙar gaba. Na biyu duka saƙar baya. Na uku shi ne mai aikin: ki haɗa ido biyu-biyu sau 3, sannan ki jefa zare bisa kibiya ki saƙa ido ɗaya, haka sau 6, sannan ki sake haɗa biyu-biyu sau 3. Na huɗu saƙar gaba. Shi ke nan, ki koma farko. Jefa zaren nan shi ke haifar da huji, haɗawar kuma ita ke maida abin da kika ƙara, shi ya sa kullum 18 ɗin ke komawa 18. In kin maimaita sau 12 kin sami 216, ki ƙara biyar-biyar a gefe da saƙar gaba zalla don kada bakin ya naɗe.

Tsakanin kowane 18 ki rataya ɗan zoben zare mai wata kala. In lissafi ya ɓace, a gida ɗaya za ki neme shi, ba a layi duka ba. Kuma bayan kowane layi 20 ki zura zaren ɗinki mai ƙarfi da allura ta cikin idanun duka, ki bar shi nan. Ran da abu ya rikice sai ki zare kibiya ki warware zuwa wannan zaren, idanunki na nan a tsare. Saƙa mai huji in ido ɗaya ya kuɓuce gudu yake ƙasa, kuma kamo shi ba irin na hula ba ne.

Kafin duk wannan ki yi ɗan gwaji na idanu 46, ki wanke ki shanya ki auna. Kowa da ƙarfin hannunsa.

Aisha_Kwarashi:
Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Da kwarashi cikin sati uku an gama, ido ɗaya ne a hannu, ba abin da zai kuɓuce. Kuma wa zai bambance a taron suna?

Nafi_227:
Ana bambancewa. Na kwarashi ya fi kauri da tauri, ya fi cin zare, ba ya zubowa a hannu kamar na kibiya.

Aisha_Kwarashi:
Ya danganta da zaren da girman kwarashin. Ki zo ki ga nawa. Amma to, tunda ta ce kibiya, a bar ta da kibiya. Sai dai in lokaci ya ƙure, bakin shawul ɗin ta zagaye shi da kwarashi, kwana biyu ya isa.

Mariyama_Dutsi:
Sannunku. Ni Kirista ce, ƴar Katolika, kuma wurin sistoci na koyi saƙa tun ina yarinya a Dogon Dutsi. Mu ma ranar baftisma farin tufafi ake ɗora wa jariri, shi ya sa farin shawul ke da muhimmanci wurinmu. Abin da nake son in ƙara a kan maganar Zali cewa wata biyu sai adaka: a gidanmu shawul ɗaya ne aka kai mu coci da shi mu duka, yanzu kuma ƴaƴan yayata. Ba a yi shi don sanyin shekara ɗaya ba. Ana fito da shi ranar, a ɗauki hoto, a wanke, a naɗe cikin farin ƙyalle a ajiye wa na baya. In kin yi shi da wannan niyyar, ki gaya wa mai jego haka da bakinki, don kada ta maida shi na shimfiɗa.

Hajiya_ta_Bilbis:
Mariyama, wannan al'adarku ce mai kyau. Mu nan kayan jariri in ya girma kyauta ake yi da su, ƴar uwa ta haihu a tura mata. Ba na jin shawul ɗin zai kai ɗa na biyu yana gidan.

Mariyama_Dutsi:
Ko ya tafi gidan ƴar uwa ai wani jaririn ne zai shiga ciki, Hajiya.

Dr_Bashir_Faransa:
Abin da Mariyama ta faɗa asalinsa daga Turai ne. Waɗanda suka fi suna da wannan saƙar su ne matan tsibiran Shetland a arewacin Sukotlan, musamman tsibirin Unst. Da hannu suke tsige gashi mai laushi na wuyan tunkiya, su kaɗa shi siriri ƙwarai, har shawul mai faɗin kusan mita biyu yana wucewa ta cikin zoben aure. A ƙarni na 19 har Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi amfani da saƙarsu. A Orenbag ta Rasha ma akwai irinsa, da lallausan gashin da ke ƙarƙashin gashin akuya. Zanen da Tanti Rabi ta bayar ma danginsa ne da wanda matan Shetland ke sa wa a gefen shawul ɗinsu na yau da kullum.

Zali_Wadata:
Likita, muna neman na Tawa ka kai mu Sukotlan. Tumakinmu ko gashin kirki ba su da shi.

Dan_Tillaberi:
Zali, Balami da Uda da Ara-ara ne ba su da ulu, gashi ne gajere. Amma muna da tunkiyar ulu a Nijar, Kundum, ta bakin kogin Isa a yankin Tillaberi. Sai dai ulunta mai kaushi ne, na bargo, ba wanda za a sa wa jariri ba, kuma tumakin sun ragu ƙwarai.

Inna_Kulu:
Ku yara kuna ta zancen Turawa. Mu da munka tashi, gwaggo in za ta nuna bajinta ga ɗan ƙanenta, kaɗa ta kan zamna ta yi da mazari, ta tara zare, ta kai ma masaƙi ya yi majanyi da zanen goyo. Shi ma aikin watanni ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa rowa ce. Kowa ya san abin da kaɗi ke ci. Yanzu ne da mata sunka bar mazari anka mance wahalar zare, shi ya sa ake auna komi da kuɗin kanti. Maman Hafsat, in kin kai shi, kada ki tura shi cikin leda tare da kayan jama'a. Ki kai shi da kanki tun daren suna, ki ba kakar yaron a hannu, ki ce ni na yi. Tsohuwa ta san aikin hannu in ta taɓa.

Hajiya_ta_Bilbis:
Inna, na yarda da kai shi daban. Amma ko a zamaninku majanyin ba shi kaɗai yake tafiya ba, da ƙwaryar hatsi ko kanwa bisa.

Inna_Kulu:
Hatsi daga rumbu ne, ba a ci bashi don shi ba.

Fati_Kosmetik:
Salam ƴan uwa, akwai turaren wuta da humra da saitin kayan jarirai, ana turawa ko'ina. A yi mini magana ta ciki.

Hadiza_Bukoki:
Fati, ba ranar talla ba ce yau.

Ungozoma_Ramatu:
Tallar Fati ma ta tuna mini abin da ya kawo ni. Ɗakin mai jego da hunturu ba ya rabuwa da garwashi: kaskon turare, murhun ɗumama ɗaki, ruwan wanka. Zaren roba in ya taɓa wuta narkewa yake ya manne a fata, kuma ƙunar da yake yi ta fi muni. Ulu na gaske ba ya saurin kamawa. Auduga tana kamawa amma ba ta mannewa. Ko wanne kika zaɓa, a nisanta shi da kasko, kada a ce za a turara shawul da jariri a ciki.

Sai huji. Yatsun sabon haihuwa ƙanana ne, suna shiga ko'ina, kuma zare in ya naɗe ɗan yatsa yana iya tsare jini ba a lura ba, yaro na ta kuka ana cewa ciwon ciki ne. Kada hujin ya yi girma, kada a bar zare na reto a baya, a soke bakin kowane zare da kyau. Ban da duwatsu, ban da ƴan ƙyalƙyali, ban da geza mai tsawo. A fara naɗe shi da ƙyallen auduga mai laushi, shawul ya zo a sama. Shawul ɗin na fita ne da ɗaukar hoto, ba na barci ba, kuma kada a rufe masa fuska da shi. Da dare gidan sauro, da abin rufa da ba zai hau kansa ba.

Maman_Hafsat_Tawa:
Ramatu Allah ya biya ki, da na yi niyyar jera ƴan duwatsu a baki, na fasa. Na zagaya kasuwa jiya. Na auduga da na samu na kwarashi ne, siriri ƙwarai, mai sheƙi. Na roba kuma akwai mai laushi na jarirai, amma kibiya mai igiya ban gani ba ko ɗaya.

Tanti_Rabi:
Mai sheƙin nan in lamba 10 ne, shi kaɗai zai ci miki lokaci ninki biyu. Ana iya haɗa shi biyu a saƙa, amma zai yi nauyi kuma ba ya ɗumi. In ba a samu wani ba, na roban jarirai ba laifi ba ne, ki dai kiyaye abin da Ramatu ta faɗa. Yana da nasa alherin: mai jego za ta wanke shi yadda ta ga dama ba zai lalace ba. Ulu na gaske in ya shiga ruwan zafi aka cuɗa shi, dunƙulewa yake ya koma rabin girmansa, kuma ba ya dawowa. A gidan da ake tafasa ruwa safe da yamma har kwana arba'in, wa zai tsaya gadin shawul?

Nafi_227:
Tanti, amma awa 60 a kan zaren roba? Ni raina ba ya so. A Yamai ana samun mai haɗin auduga da akirilik wurin masu kayan ɗinki na Babbar Kasuwa, wani lokaci har mai ulu a ciki. Ba kullum ba, sai an dace.

Hadiza_Bukoki:
Ko a sa ƴan Ƙwanni su duba, masu shiga Sakkwato da Kano. Ya fi kusa da ita bisa Yamai.

Salamatu_Harobanda:
Ban ga wanda ya yi maganar ƙura ba. Farin zare da iskar Nuwamba, kafin ki kai rabi farkon ya zama ja. Ki sa aikin cikin rigar matashi, ƙullin zaren cikin roba mai murfi da ɗan huji a sama. Ki wanke hannu kafin ki taɓa, ban da man shafawa, ban da sabon lalle. In ma za ki ji tawa, ki ɗauki ruwan madara ko ruwan ƙwai mai haske, ya fi rufa asiri.

Ummu_Salma:
Kuma tunda ba a san mace ko namiji ba, ruwan madara ya shiga ko'ina.

Maman_Hafsat_Tawa:
Fari dai nika so, ko zan sha wanki. Tanti, maganar miƙewar nan da tururi, yaya ake yi? Ina tsoron in ƙone aikin wata biyu da dutsen guga.

Tanti_Rabi:
Tsoronki na kan hanya. Dutsen guga ba ya taɓa na roba, ko sau ɗaya. Ki wanke shi a ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ban da jabel, kada ki murɗa. Ki naɗe shi cikin tawul ki danna ruwan ya fita. Ki shimfiɗa farin zane bisa katifa a ɗaka, ba a rana ba, ki baje shi, ki ja kusurwa huɗu da mita a hannu har su daidaita, ki kafe da fil marar tsatsa, kowane tudun igiyar ruwan da nasa fil. In auduga ce ko ulu, ki bar shi ya bushe, an gama. In na roba ne, ki ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, ki riƙe dutsen sama-sama yadda zafin zai ratsa ba tare da kin danna ba. Abin da tururi ya miƙar a zaren roba ya miƙu ke nan har abada, saboda haka ki fara da ɗan gwajin nan naki, ki ga yadda zai yi. Ki ware wa wannan aikin kwana biyu cikin lissafinki.

Mushe_Lissafi:
To kwana 68 ke nan, ban da kwanakin neman zare.

Zali_Wadata:
Ni fa har yanzu ina kan bakata. Da wannan wahalar gara ki yi ƙarami, santimita 80, da hula da safa iri ɗaya. Saiti ya fi cika ido a faranti, kuma kuɗin zaren da ya ragu ki cika ki sayi turmin da Hajiya ke faɗa. Kowa ya huta.

Nafi_227:
Santimita 80 wata uku ya yi masa kaɗan.

Hajiya_ta_Bilbis:
Karo na farko da na yarda da Zali.

Inna_Kulu:
Ni ban yarda ba. In za a yi, a yi babba.

Maman_Hafsat_Tawa:
Kun raba mini hankali biyu, wallahi. Na yi magana da mai gidana, ya ce turmi shi zai ɗauka, wai kada a ce gidanshi anka yi rowa. Ni kuma ban so turmin ya danne shawul ɗin a idon mutane, don haka na Inna Kulu zan bi, in kai shi daban. Girman kuwa sai na ga gwajin. Nafi, in kin shiga kasuwa ki ɗauko mini hoton takardar zaren mai haɗin nan, gaba da baya, in turo wa Tanti ta duba. Kibiyar fa?

Mariyama_Dutsi:
Ina da lamba 4 mai santimita 100 da ba na amfani da ita yanzu. Gobe in ba wani yaronmu mai zuwa Tawa da motar safe. Aro ne fa, ina da baftisma a watan Afirilu.

Tanti_Rabi:
Lamba 4 ta yi in hannunki mai tsauri ne. In sakwa-sakwa kike saƙa, hujin zai wuce yadda Ramatu ke so. Ki turo hoton gwajin da tsinken ashana a gefe in ga girman hujin.

Aisha_Kwarashi:
Ran 1 ga Disamba zan tambaye ki layi nawa kika kai. Kwarashina na nan a ajiye.

Ummu_Salma:
Tanti, wannan zanen na 18 zai yi wa mayafin yarinya ƴar shekara 11? Ɗiyar yayata na gab da sauka, ana maganar walima bayan ƙaramar salla, kuma ita ba fari take so ba.